Ruwanmu bai taɓa karya doka ba, me ya sa hukuma ta matse mana lasisi?

Tambaya: Ni ke kula da wata matatar ruwan datti da ke zuba tataccen ruwanta a wani ƙaramin kogi. Shekara da shekaru lasisinmu ya ce kada BOD, wato ma'aunin oksijin da bakteriya ke zuƙewa wajen cin dattin ruwa, ya wuce miligiram 30 a lita, ɓurɓushin datti ma 30, kuma ba mu taɓa ƙetarewa ba. Da muka zo sabuntawa sai hukuma ta ce lissafin kwamfuta ya nuna dole mu sauko da BOD zuwa 15 a rani, ga kuma sabuwar iyaka ta amoniya. Ta yaya kwamfuta za ta yanke mana hukunci? Muna da damar ja da wannan? In babu, ta ina za mu fara?

Amsa: Injiniya, sannu da ƙoƙari. Riƙe matata tsawon shekaru ba tare da ƙetare iyaka ba aiki ne babba, kuma na fahimci abin da ya ɓata maka rai. Amma ka sani iyaka iri biyu ce a lasisin zubar da ruwa, kuma kai iri ɗaya kawai aka saba ɗora maka. Ta farko tana duban matata: me injin irin naka zai iya yi in ana tafiyar da shi yadda ya kamata? Daga nan 30 da 30 ɗinka suka fito. A Amurka, ƙarƙashin dokar tsaftar ruwa ta 1972, wannan ne mafi ƙarancin abin da ake nema daga matatar gari: matsakaicin wata 30, matsakaicin mako 45, a cire aƙalla kashi 85 cikin 100 na dattin da ya shigo, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6 da 9. Dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta sa BOD 25 da COD 125 (COD shi ne oksijin da dattin ke ci in aka auna shi da sinadari). Babu ɗaya cikin waɗannan lambobi da ya san sunan koginka. Iyaka ta biyu ita ce ke duban kogin: nawa zai iya haɗiya a ranarsa mafi wuya ba tare da kifi ya mutu ba? In ta biyun ta fi ta farko tsauri, ita ake rubutawa a lasisi. Abin da ya same ka ke nan.

Wannan tunani ya girmi kwamfuta. A 1912 hukumar da aka naɗa a Birtaniya kan zubar da ruwan datti ta ba da shawarar BOD 20 da ɓurɓushi 30, amma da sharaɗin cewa kogin zai sirka ruwan da aƙalla ninki 8 na ruwa mai tsabta. Ka ɗauki kashi 8 na ruwan kogi mai BOD 2, ka haɗa da kashi 1 mai BOD 20, ka raba da 9, za ka samu 4. Lambar 4 ɗin suke karewa. Mutane suka haddace 20 da 30, suka manta da ninki 8, kuma har yau ana kwafar lambobin nan a ɗora wa kogunan da a rani ba su da ko ninki 3.

Bari mu yi lissafin farko da hannu, don ka ga babu wani siddabaru a ciki. Lambobin nan misali ne, ka sauya su da naka. A ce matatarka na zuba kubik mita 0.1 a daƙiƙa, wato kubik mita 8,640 a rana, da amoniya miligiram 20 a lita, wanda ba abin mamaki ba ne ga matatar da ba a gina ta don cire amoniya ba. Kogin kafin ya iso wurinka yana da amoniya 0.1. Da damina yana gudu da kubik mita 5 a daƙiƙa. In ruwan biyu suka gauraya, amoniya za ta tsaya wajen 0.5, babu wanda zai ji komai. Da tsakiyar rani kuma ya koma 0.4 a daƙiƙa. Ruwanka bai canja ba, injinka bai canja ba, amma bayan gauraya amoniya ta kai kusan 4.1. In doka ta ce kada kogin ya wuce 1.5, sai a juya lissafin baya: jimillar gudun ruwan biyu 0.5 sau 1.5, a cire gudun kogi 0.4 sau amoniyarsa 0.1, a raba da gudun ruwanka 0.1, ya ba da 7.1. Rabonka ke nan a rani. Da damina rabon zai haura 70. Kogi kamar jaki ne, kayan da zai ɗauka da ƙoshi ba shi zai ɗauka da yunwa ba.

Wancan 0.4 ba a zaɓe shi da son rai ba, ko kuma in ce bai kamata a yi ba. A Amurka yawanci ana amfani da abin da ake kira 7Q10, wato mafi ƙarancin matsakaicin gudun ruwa na kwana 7 a jere da ake sa ran zai faru sau ɗaya a shekara 10. A Birtaniya an fi jin Q95, gudun da kogi ke wucewa kashi 95 cikin 100 na lokaci. A gefenka kuma ba ruwan da kake zubawa yau ake sawa ba, ana sa cikakken abin da aka gina matatar ta ɗauka. Ƙarancin ruwa, tsananin zafi, matata cike taf, duk a rana ɗaya. Masu matata suna ƙorafin cewa wannan rana ba kasafai take zuwa ba. Gaskiya ne. Sai dai kifi bai san matsakaicin shekara ba, dare ɗaya da oksijin ya ƙare ya isa.

Yanzu ga inda kwamfuta ke shigowa. Lissafin gauraya yana gaya maka halin da ake ciki a bakin bututu ne kawai. Ɓarnar BOD kuwa ba a bakin bututu take bayyana ba. Bakteriya na cin dattin a hankali yayin da ruwa ke tafiya, suna zuƙe oksijin, iska kuma tana mayar da shi ta saman ruwa. Da farko zuƙa ta fi mayarwa, oksijin ya yi ta sauka, har a kai wani wuri da su biyun suka yi daidai, daga nan ya fara farfaɗowa. Wannan wuri mafi ƙasa yana iya zama tafiyar kwana ɗaya, biyu ko uku daga bututunka, kilomita da yawa a gaba. Harold Streeter da Earle Phelps ne suka rubuta lissafinsa a 1925 bayan nazarin Kogin Ohio, kuma manhajojin yau irin su QUAL2K da WASP, duk da ƙarin abubuwan da ke cikinsu, a kan wannan tushe suke. Don haka mai matata zai iya tsayawa a bakin bututunsa ya ga ruwa garau, ya auna oksijin ya samu lafiya lau, ya rantse bai cuci kowa ba, alhali can gaba kifaye na hawowa sama suna haki.

Zafi yana ƙara dagula lamarin ta fuska biyu. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe oksijin kusan miligiram 9.1 a lita, mai digiri 30 kuwa wajen 7.6 ne. Bakteriya kuma suna ƙara sauri da kusan kashi 4.7 cikin 100 a kowane digiri, wanda ke nufin daga 20 zuwa 30 cinsu ya ƙaru da fiye da rabi. In doka ta ce oksijin kada ya sauka ƙasa da 5, kamar yadda take a wurare da yawa, to a rana mai zafi abin da ke tsakaninka da karya doka bai kai miligiram 3 ba, ko da kogin ya iso maka cike da oksijin.

Amoniya kuwa ita ce abin da nake so ka fi mayar da hankali a kai, domin ina kyautata zaton ita ce ainihin dalilin sabon lasisin, ba BOD ba. Tana cuta ta hanya biyu. Ta farko, bakteriyar da ke mayar da ita naitiret suna cin oksijin giram 4.57 a kan kowane giram na naitirojin. Koma misalinmu: amoniya 4.1 a kogi tana ɗauke da yunwar oksijin ta kusan miligiram 19 a lita. BOD ɗinka na 30, bayan ya gauraya da kogi mai 2, ya zama 7.6, in an lissafa har ƙarshen cinsa a ce 11 ko sama kaɗan. Ka ga abin da tsohon lasisinka bai ambata ba ya fi abin da ya ambata nauyi. Ta biyu, ita kanta guba ce ga kifi, kuma yawan gubar ya dogara da pH da zafi. A digiri 25, in pH yana 7, kashin amoniya mai guba bai kai 1 cikin 100 ba. A pH 8 ya haura 5, a pH 9 ya wuce kashi ɗaya bisa uku. Kogin da gansakuka ta yi wa yawa yakan ɗaga pH da rana, sai amoniyar da ba ta yi komai da safe ba ta zama mai kisa da la'asar.

To, kana da damar ja? Kana da ita, kuma ina ganin wajibi ne ka duba aikin kafin ka amince a kashe kuɗin gina sabon tanki. Amma kada ka je da hujjar cewa ba ka yarda da kwamfuta ba, ba wanda zai saurare ka. Ka nemi takardar bayani da ke tafe da daftarin lasisi, ka nemi ainihin fayil ɗin da aka shigar wa manhajar. A tsarin Amurka lasisi ba ya wuce shekara 5, kuma ana ba da aƙalla kwana 30 na jin ra'ayi kan daftari, abin da ba ka ɗaga a lokacin ba zai yi wuya ka ɗaga daga baya. Ka duba wa'adin da dokarku ta ba da tun yau.

In fayil ɗin ya zo hannunka, tambayar da za ka yi wa kowace lamba ɗaya ce: an auna ta a kogin nan, ko an ɗebo ta daga littafi? Fara da gudun ruwa. Daga wace tashar awo aka samo shi, shekara nawa na bayanai, kuma tashar tana sama da kai ne ko a wani kogi ne mai kama da naka? In an gina madatsa ko an fara janyar ruwa don ban-ruwa bayan shekarun da aka yi amfani da su, lambar ta tsufa, kuma tana iya tsufa ta kowane ɓangare. Wannan ka riƙe shi da kyau: sabon awo ba lallai ya taimake ka ba, wani lokaci yakan nuna kogin ya fi rauni fiye da yadda hukuma ta zata. Duk da haka gara a yi, domin matatar da aka gina kan lambar ƙarya za a sake rushe ta bayan wa'adi ɗaya.

Sai saurin da iska ke mayar da oksijin cikin ruwa, wanda a ƙananan koguna shi ne lambar da ta fi juya sakamako. Akwai dabarun ƙiyasta shi daga zurfi da saurin ruwa, kamar ta O'Connor da Dobbins ta 1958, ta Churchill ta 1962, da ta Owens da Gibbs ta 1964. Kowacce an fitar da ita daga koguna masu wani irin zurfi da gudu, kuma in ka ɗora su uku kan kogi ɗaya amsoshin za su iya bambanta sosai. Wacce aka zaɓa, don me? Bambancin nan kaɗai zai iya zama tazarar da ke tsakanin BOD 15 da 20 a lasisinka. Haka nan lokacin tafiyar ruwa: hanya mafi inganci ita ce a zuba jan rini na rodamin a sama, a tsaya da na'ura a wurare biyu ko uku a ƙasa ana jiran wucewarsa. Sau da yawa ruwan da taswira ta ce zai yi awa goma sai ya yi ashirin, saboda gurabe masu zurfi da yake kwanciya a ciki. Kada ka manta da lakar ƙasan kogi, ita ma tana cin oksijin, kuma a ruwa marar zurfi cinta yana da yawa. In ba a auna ta ba, mai lissafi yakan ɗora laifinta kan bututun da ya gani, wato naka.

Akwai wani abu da nake roƙon duk mai irin aikinka ya yi da kansa ko sau ɗaya. Ka ɗauki na'urar auna oksijin ka je wurin da lissafin ya ce oksijin ya fi sauka, ka auna da ƙarfe uku na rana, sannan ka koma kafin ketowar alfijir. In akwai gansakuka, da rana za ka ga lamba ta haura 9 ko 10, fiye da abin da ruwan zai iya riƙewa, har ƙananan kumfa na manne a jikin ciyawar ruwa. Da asuba, bayan tsirran sun kwana suna numfashi babu hasken rana, lambar tana iya faɗowa zuwa 3 ko ƙasa. Yawancin samfuran da ake ɗiba a lokacin aiki ake ɗibarsu, tsakanin hantsi da azahar, don haka suna nuna kogi da lafiyar da ba shi da ita. Lissafin da aka daidaita da awon rana kaɗai ba abin dogaro ba ne, ko ya yi maka daɗi. Na'urar da ake bari cikin ruwa tana rubuta awo duk bayan minti 15 na tsawon mako ɗaya ta fi samfuri hamsin na tsakar rana amfani.

Tambaya ta ƙarshe ga masu lissafin ita ce ko sun jarraba shi. Daidaitawa daban, jarrabawa daban. Ana juya lambobi har sakamako ya yi daidai da awon wani zagaye, wannan ne daidaitawa, kuma da isassun lambobin juyawa kowa zai iya. Jarrabawa ita ce a kulle lambobin, a kawo awon wani lokaci dabam, da wani gudun ruwa da wani zafi, a ga ko zai faɗi daidai. Ka kuma tabbata manhajar ta dace da wurin. QUAL2K ta ɗauka cewa ruwa ya gauraya daga gaɓa zuwa gaɓa kuma gudunsa ba ya canjawa, saboda haka ba ta dace da tafki ko bakin teku mai cika da janyewa ba. Ga madatsa mai zurfi akwai CE-QUAL-W2. Ga 'yan mitocin farko bayan bututu, inda ruwanka ke bin gefe guda bai gauraya ba tukuna, CORMIX ake amfani da ita, kuma a nan gyaran bakin bututu ya zama mai ramuka da yawa a tsakiyar kogi yakan sauƙaƙa matsalar guba da kuɗi kaɗan. Ba ya rage yunwar oksijin a can gaba, wannan ka sani.

A ce an duba komai, iyakar ta tabbata. Abu na farko da za ka cire a ranka shi ne tafiyar da matata a kan lambar lasisi. Dattin da ke cikin ruwan matata yana hawa da sauka kullum, kuma ranakun da ya hau suna nisa da matsakaici fiye da ranakun da ya sauka. Jagorar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar a 1991 ta ce in samfuranka ba su kai 10 ba a ɗauki ma'aunin hawa da sauka na 0.6, kuma da wannan, rana mafi muni cikin 100 tana kusan ninki 3 na matsakaicinka. Ma'ana in iyakar rana ta amoniya 9 ce, matsakaicin da za ka riƙa nema 3 ne. Akwai riba a nan ga mai tattara bayanai: in kana da awon shekara biyu ko uku da ke nuna matatarka ba ta yawan tsalle, ka miƙa shi a yi lissafi da naka maimakon 0.6. Ka kuma karanta yadda lasisinka ke ƙirga faɗuwa. A dokar Turai ta 1991, mai samfuri 8 zuwa 16 a shekara an yafe masa faɗuwa 2, matuƙar BOD bai ninka iyaka ba. A Amurka kowace ƙetarewa laifi ce mai zaman kanta.

A cikin matatar, cire amoniya aikin bakteriya ne masu jinkirin hayayyafa, don haka sai ka tsawaita kwanakin da lakar da suke ciki ke yi a tanki kafin a zubar, in ba haka ba kana wanke su waje kafin su yi yawa. Suna son oksijin wajen miligiram 2 a tankin hura iska, kuma ka tuna da 4.57 ɗin nan, injinan hura iskarka ne za su biya shi yanzu maimakon kogi, wutar lantarki za ta ƙaru. Kowane miligiram na naitirojin da suka sarrafa yana cinye kusan miligiram 7.1 na ƙarfin ruwa na tare tsami, in ya ƙare pH ya faɗi, aikin ya tsaya, sai an ƙara laim, wato farar ƙasa, ko soda. Ka bincika ruwan da ke dawowa daga matse laka, yakan zo da amoniya mai yawa, kuma in ana sako shi gaba ɗaya da safe lokacin da ruwan gari ya fi yawa, shi kaɗai zai iya karya maka iyakar rana. Tara shi a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin dare gyara ne da ba ya buƙatar sabon gini.

Ɗakin gwaji ma yana iya jefa ka cikin laifin da ba ka yi ba. Kwalbar BOD ta mililita 300 tana kwana 5 a duhu a digiri 20, kuma gwajin bai inganta ba sai oksijin ya ragu da aƙalla 2, ya kuma rage aƙalla 1 a ƙarshe. Samfuri a ajiye shi da sanyi, kada ya wuce awa 48 kafin a fara. Ga tarkon da ke jiran masu fara cire amoniya: in aikin ya kankama amma bai kammala ba, ruwanka na fita da ragowar amoniya tare da bakteriyar da ke cinta, sai su ci gaba da aiki cikin kwalba, BOD ya tashi alhali ruwan ya fi na da kyau. Maganinsa a nemi a rubuta iyakar da CBOD, inda ake sa sinadarin da ke hana su aiki a kwalbar. Dokar Amurka ta yarda da CBOD 25 a madadin BOD 30, kuma tunda za a sa maka iyakar amoniya daban, babu dalilin a ƙirga maka ita sau biyu.

Wajen zama da hukuma, abu uku nake ganin sun cancanci ka nema a rubuce: iyaka ta rani daban da ta damina, tunda lissafinsu da kansa ya nuna kogin na da sarari da damina, jadawalin cika sharaɗi mai matakai da ranaku, in gyaran na buƙatar gini, da sharaɗin sake buɗe lasisin in awon rani mai zuwa ya nuna wani abu dabam. In akwai wasu masu zuba ruwa a kogin, ka tambayi yadda aka raba kayan tsakaninku da kuma abin da aka ware wa dattin da ruwan sama ke wankowa daga gonaki da tituna. Ranar da kuma matata ta samu tangarda, ka kai rahoto da kanka cikin wa'adi, a Amurka awa 24 ne da baki sannan a rubuce cikin kwana 5, kuma ka rubuta lambar da ka samu yadda ta fito. Ƙetare iyaka yakan ƙare a tara ko umarnin gyara, amma sauya lamba a rahoto laifi ne da ke kai mai sa hannu gaban kotu. Tun kafin ranin nan ya shigo, ka fara auna amoniya, pH da zafi a ruwanka da kuma sama da ƙasan bututu aƙalla sau ɗaya a mako, ka sa na'urar oksijin mai kwana a ruwa a wurin da lissafinsu ya nuna.